Masu Digiri da Kuɗin Raya Karkara a Gwandu da Kalgo

Ƙididdigar rashin aikin yi a Najeriya ta sauya kama a shekarar 2023. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu ƙarfin aiki ba su da abin yi. Da ta sake ma'auni, ta sa duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na awa ɗaya a mako cikin masu aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. Bisa wannan lissafi, saurayin da ya karanci aikin injiniya ya koma kabu-kabu a Kalgo, ko yake sana'ar POS a kasuwar Gwandu, mai aiki ne. Ma'aunin ya dace da na sauran ƙasashe, amma bai faɗi ko karatun ya biya kuɗinsa ba, kuma wannan ita ce tambayar iyayen da suka sayar da shinkafa da dabbobi suka kai ɗa jami'a.

Karatu ba baƙo ba ne a ƙasar Abdullahi ɗan Fodiyo. Abin da ya ƙaru shi ne yawan masu takardar boko. An kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta kuwa yana ƙaramar hukumar Kalgo. Ga jami'ar jiha a Aliero tun 2006, ga kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Masu ɗaukar ma'aikata ba su ƙaru haka ba: gwamnatin jiha ce, sai ƙananan hukumomi, sai makarantu masu zaman kansu, sai masana'antun shinkafa irin Labana da WACOT ta Argungu. Shirin N-Power na 2016 ya riƙa biyan masu digiri naira 30,000 a wata, wa'adi na cika da yawansu suka koma gidan jiya.

Kuɗin raya karkara ta hanya uku ya riƙa shigowa. Akwai kason ƙananan hukumomi, kashi 20.60 na asusun tarayya, wanda ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a biya su kai tsaye. An yi shirye-shiryen Bankin Duniya irin Fadama da CSDP, inda mutanen gari suka riƙa zaɓar aikin da kansu, su kafa kwamiti, su tara ɗan kasonsu, hukuma ta cika sauran; tsari ne da ya yi kama da aikin gayya, shi ya sa ya karɓu. Sannan an yi bashin noma na Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Noman shinkafa ya bunƙasa, amma biyan bashin ya yi rauni, domin manoma da dama sun ɗauke shi rabon gwamnati.

Raunin da ya haɗa hanyoyin nan shi ne yawancin kuɗin a gini da kaya yake ƙarewa. Ana haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ba a ware kuɗin mai gyara ba. Ana raba iri da taki da injin ban ruwa, malamin gona bai isa ba, mai riƙe littafin ƙungiya ma babu. Waɗannan kuwa ayyukan masu ilimi ne, kuma masu ilimin suna zaune a garuruwan. Ɗan gari da aka ɗauka albashinsa a gari yake juyawa, kuma idan famfo ya lalace an san ƙofar gidansa.

Kafin a tsara ɗaukar 'yan gari aiki sai an san adadinsu. Ya kamata jami'ar da ke Kalgo ta nemi tallafin bincike na TETFund ta bi sawun ɗalibanta: wa ya samu aiki, bayan wata nawa, a wane fanni, nawa yake samu. Ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo kuma su buɗe rajistar masu digiri da difloma mazaɓa-mazaɓa, su ware kason gyara da kulawa a cikin kowane aikin da za su bayar.