Littafin da Ke Ɓoye a Ƙarƙashin Benci



Kusan kowannenmu ya taɓa kama ɗaliba da littafin hikaya a ƙarƙashin benci ana tsakiyar darasi. Yau ina so mu duba abin da wannan littafi yake bari a zuciyarta bayan shekara talatin.

A Amurka, tun 1930 ake buga jerin labaran Nancy Drew, yarinyar da ke bin diddigin al'amari har ta gano mai laifi. Sonia Sotomayor, alƙaliya a Kotun Ƙolin ƙasar, tana cikin manyan matan da suka ce da su suka taso. A cikinsu suka ga yarinya tana yin tambaya, tana auna hujja, kuma manya suna saurarenta.

Mu ma muna da namu. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka aurar tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta amma ta koma neman ilimi. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, 'yar jiharmu, ta cika littattafanta da mata masu ilimi da aikin yi. 'Yan matan da suka yi hayar waɗannan littattafai, suna miƙa wa juna a makarantun kwana, su ne yau malamai da ma'aikatan jinya da iyayen ɗalibanmu.

Damuwar iyaye tana da tushe, domin akwai baragurbi a cikin rubuce-rubucen. A 2007 har gwamnatin Kano ta ƙona wasu da aka karɓe daga hannun ɗalibai. To amma yanzu labaran sun koma cikin waya, a WhatsApp da Facebook, inda ƙwace ba ya kai wa. Abin da ya rage mana shi ne jagora.

Don haka, idan kika kama littafi, Malama, ki karanta shi kafin ki yanke hukunci, sannan ki tattauna da mai shi. Kowace makaranta ta tanadi akwatin zaɓaɓɓun littattafai na aro. Mu kuma masu alƙalami mu cike giɓi: labaran soyayya sun wadata, na yarinya mai bincike kuwa sun yi ƙaranci. Kasuwar kan iyaka a nan Kongolam kaɗai ta ishi marubuci: 'yar aji shida da ta gano inda kuɗin adashen mahaifiyarta ya shiga.

Wasu ɗalibanmu mata karatunsu ba zai wuce firamare ba. Idan sun bar hannunmu da son karatu, za su shiga ɗakunansu da shi, 'ya'yansu kuma su tarar.