Ƙugin Ciki: Shara Ce Ake Yi



Yau a kan ƙugin ciki za mu tattauna. Ai kin san shi. Kina zaune cikin mutane, a gidan suna ko a layin asibiti, wuri ya yi tsit, sai kawai cikinki ya ce ƙululu. Ki shiga kame-kame, har da tarin ƙarya. In kuwa yaro ne, nan take sai a ce tsutsa ce, a aika a sayo magani. To, sau da yawa ba tsutsa ba ce, ba kuma ciwo ba ne. Shara ce ake yi.

Bari in yi miki bayani. Tumbinmu da hanjinmu duk tsoka ce a jikinsu, tana matsewa tana saki ba tare da mun sa ta ba. Idan abinci ya gama wucewa ciki ya zama wayam, sai wani motsi mai ƙarfi ya taso daga tumbi ya bi ƙaramin hanji, yana tura ragowar abinci da ruwa da iska da ƙwayoyin cuta zuwa gaba, kamar yadda kike share tsakar gida bayan yara sun gama ci. Wannan shara tana dawowa bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, muddin ba a ci komai ba. Ƙarar iska da ruwan da ake turawa ita ce kike ji. Da kin sa abinci a ciki kuwa, an jingine tsintsiya ke nan.

Wa ke ba da umarni? Wasu sinadarai ne da jiki ke zubawa cikin jini, likitoci na ce musu homon. Ɗaya sunansa motilin, daga farkon ƙaramin hanji yake fitowa, shi ke tada sharar. Ɗayan kuma girelin, wanda tumbi ke yi. Wasu masana na ƙasar Japan, Kojima da Kangawa da abokan aikinsu, su suka gano shi a 1999. Yana ƙaruwa a jini kafin lokacin cin abinci, ya je ƙwaƙwalwa ya ce yunwa ake ji, ya kuma zaburar da tsokar tumbi. Kin ga ke nan, ɗan aike ɗaya ne, saƙo biyu.

Tun a 1912 wani malamin jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, ya sa ɗalibinsa Washburn ya haɗiye ƙaramin balan-balan mai haɗe da siririn tiyo, aka hura shi a cikin tumbinsa. Suka ga lokacin da tumbi ke matsewa, lokacin ne yake jin ciwon yunwa. Ni dai na jinjina wa ɗalibin nan, don ba zan iya ba!

To, akwai kuma masu taka birki, kuma nan ne nake so mu natsu. Idan abinci ya isa hanji, musamman mai maiƙo, sai hanji ya fitar da wani homon mai suna CCK, da wani GLP-1. Aikinsu su gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, su kuma ce wa tumbi ya dakata, ya riƙa sakin abinci kaɗan-kaɗan. CCK ɗin har matsarmama yake matsawa ta zubo ruwanta don narkar da kitse. Amma saƙon ba nan take yake isa ba, sai an ɗan jima.

Ki tuna da shan ruwa a watan azumi. An wuni ciki ba komai, ana kiran salla sai mu afka wa ƙosai da soyayyen dankali da doya da ƙwai, duk cikin minti goma. Kafin saƙon ƙoshi ya iso an cika tumbi, ga maiƙo ya sa an taka birki. Sai nauyi, sai gyatsa, sai ƙwarnafi, a je asham da ƙyar. Da an yi dabino da ruwa da ɗan kunu, an yi magariba, sannan a dawo a ci a hankali, da abin ya zo da sauƙi.

Alluran nan na ciwon suga da ake ta maganarsu don rage ƙiba, irin su Ozempic da aka amince da shi a Amurka a 2017, kwaikwayon GLP-1 suke yi. Shi ya sa masu yin su kan yi fama da tashin zuciya da kumburin ciki, don abinci na daɗewa a tumbi. Don Allah kar wata ta saye su saboda ƙawarta ta rame. Ba na wasa ba ne, sai da likita.

Sannan ke mai ciwon suga da ya daɗe, idan kika ga loma biyu ta cika ki, kina yawan amai, har kina ganin abincin da kika ci tun ɗazu, ki je asibiti, don suga kan lalata jijiyoyin da ke motsa tumbi. Haka ƙugin da ya zo da murɗa mai tsanani, ko gudawar da ta ƙi tsayawa, ko jini a bayan gida, ko rama ba dalili. Wannan ba na zama a gida ana jiƙe-jiƙe ba ne.

Lokaci ya cimmana. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa, a gaida maigida da yara. Ku huta lafiya.