Teɓa da Zaman Rumfa: Motsa Jiki da Bidiyon Waya

  Yau za mu tsaya a kan teɓa, da yadda mai jiki zai motsa jikinsa a cikin gidansa, da taimakon wayar da ke aljihunsa, ba tare da ya sayi ƙarfe ko ya biya kowa ko sidi ɗaya ba.

Na san wani bafulatani da ke bayan shanu yanzu zai ce, to ni ina ruwana? Gaskiyarka, baffa. Wanda ya wuni yana bin garke daga hantsi har faɗuwar rana ya riga ya biya wannan bashi. Amma ka dubi yayanka da ya ajiye sanda ya koma dillanci a kara. Ka dubi Alhajin da ke kwana biyu a gaban mota yana rakiyar albasa daga Bawku zuwa Kumasi, da Hajiyar da ke zama a kan benci ɗaya tun safe tana sayar da atamfa, da mai canjin sefa a bakin iyaka. Su muke nufi. Kakanninmu fatake da ƙafa suke tasowa daga Kano su zo Salaga sarin goro, su yi watanni a hanya suna kora jakuna. Mu jikokinsu, ko masallacin unguwa za mu je sai mun hau babur. Abincin kuwa bai ragu ba: tuwon zafi yana nan, wake da shinkafa suna nan, ga shayi mai madara da suga cokali huɗu, ga lemon kwalba a kai.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na manya ba sa motsa jiki yadda ya kamata. A wajenmu abin da ya ƙara wahalar da maganar shi ne, ana ganin tumbi alamar wadata ne. Mace ta yi ƙiba a ce miji na kula da ita. Amma kitsen ciki shi ne ke buɗe wa hawan jini da ciwon suga ƙofa, su kuma su jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Ɗan kasuwar da ya kwanta, wa zai tsaya masa a kan kayansa?

Ga gwaji mai sauƙi, ba sai da sikeli ba. Ka samu igiya, ka auna tsawonka daga ƙasa zuwa tsakar kai, ka yanke. Ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita dab da saman cibiya. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, cikinka ya wuce rabin tsawonka, kuma wannan magana taka ce.

To me ake so mutum ya yi? Hukumar ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai ɗaga numfashinsa kaɗan, wato kamar minti 30 sau biyar, sannan kwana biyu a mako ya yi abin da zai ƙarfafa naman jikinsa. Wannan na biyun shi ne mutanenmu ba su sani ba, suna zaton aikin samari masu ɗaga ƙarfe ne. Alhali nauyin jikinka ya ishe ka. Mai kilo 100 da ya tashi daga kujera sau goma ba tare da ya dafa ba, cinyoyinsa sun ɗaga abin da ya kusa buhun masara sau goma. Naman cinya da na ɗuwawu su ne mafi girma a jiki, kuma duk lokacin da suke aiki suna janye suga daga cikin jini suna ƙonawa. Shi ya sa mai ciwon suga yake ganin canji tun kafin ya rame.

Nan ne waya take shigowa. A YouTube da Facebook akwai bidiyo barjat na masu koyar da irin wannan motsi. Amfaninsu guda uku ne. Na farko, kana ganin yadda ake yi da idonka, ko ba ka jin Turanci. Na biyu, mai koyarwar yana ƙirga maka lokaci, ba za ka yi minti biyu ka ce ka yi goma ba. Na uku, a ɗaka ake yi ko a tsakar gida. Hajiyar da ke jin kunyar a gan ta tana sassarfa a titi ta huta, haka 'yan'uwanmu na Bawku da suka sha fama da dokar hana fita a 'yan shekarun nan, Allah ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa.

Sai dai a yi hattara wajen zaɓe. Yawancin bidiyon nan an yi su ne domin samari masu ƙarfi, da tsalle-tsalle da faɗuwa ƙasa. Mai teɓa da ya shekara goma bai yi gudu ba, in ya bi su, gwiwa ce za ta biya. Ka sa ɗanka ko yaron shagonka ya nemo maka na masu farawa, wanda babu tsalle a ciki, wanda ake yi a tsaye ko a kan kujera, mai tsawon minti 10 zuwa 15. Mata su nemi wanda mace ke koyarwa cikin shiga ta mutunci, akwai su. In an samu mai kyau a sauke shi a waya sau ɗaya inda sabis ke da ƙarfi, a tura wa juna ta Xender ko WhatsApp. Da haka ko kana rugar da babu sabis, ko kana jiran jirgin ruwa a Makango, yana hannunka, kuma ba ka ƙara sayen data ba. Duk bidiyon da ya ƙare da tallan shayin rage tumbi ko ɗamarar narkar da kitse, ka wuce shi. Ɗamara gumi take sa ka, ruwa ne ke fita, kitsen yana nan.

Bari in lissafa muku motsi biyar da za ku tarar a kusan kowane bidiyo na kirki. Ɗaya, tafiya a wuri guda kana ɗaga gwiwa, minti biyu, don jiki ya ɗumama. Biyu, tashi da zama a kan benci mai ƙarfi wanda aka jingina da bango, sau takwas zuwa goma, a hankali, kada ka faɗa kansa. Uku, ka tsaya taku ɗaya daga bango, ka dafa shi da tafin hannu biyu, ka kai ƙirjinka kusa sannan ka tura kanka baya, sau goma. Huɗu, ka riƙe bango ka ɗaga dugaduganka ka tsaya a kan yatsu, ka sauko, sau goma. Biyar, hawa da sauka a kan dakali marar tsawo, ƙafa bayan ƙafa. Ka huta minti ɗaya, in da sauran ƙarfi ka sake zagaye. Kada ka riƙe numfashi lokacin da kake yunƙuri, domin hakan na ɗaga hawan jini nan take. Ma'aunin kuwa shi ne: in kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana daidai. In magana ta gagara, ka sassauta. Mai koyarwar ya yi ashirin kai ka yi shida? Ka danna ka tsayar da shi, ai wayarka ce. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin ka fara, musamman in ka haura shekara 40, ka biya asibiti ko ɗakin shan magani na CHPS mafi kusa a auna maka jini, in da hali har da suga. Hawan jini ba ya sallama, mutum na yawo da shi shekaru bai sani ba. Mai shan maganin suga ko allurar insulin kada ya yi da yunwa, kuma ya ajiye dabino kusa. Mai ciwon suga ya sa takalmi, ya riƙa duba tafin ƙafarsa. Mai juna biyu ta tambayi ungozomar asibiti tukuna. In kana cikin yi ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko ciwo yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ka tsaya nan take a kai ka asibiti. Tsamin jiki na kwana biyu bayan farawa ba komai ba ne, yana wucewa. Ciwo mai suka a cikin gwiwa kuwa alama ce a bar wannan motsin.

Lokaci mafi daɗi shi ne bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya. A watan Maris da Afrilu, da zafin arewa ke haura digiri 40, kada a yi da tsakar rana, kuma a sha ruwa. Da azumi a bari sai bayan an sha ruwa abinci ya faɗa.

Wata gaskiya kuma da ya kamata ku ji: motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da kilo da yawa. Sai an haɗa da rage malmalar tuwo, da rage suga a shayi da koko, da barin lemon kwalba. Amma kada sikeli ya karya maka gwiwa. Likitoci sun tabbatar cewa mai kilo 100 da ya rage biyar zuwa goma kacal, jininsa da sugansa suna sauka, kuma kowane kilo ɗaya da ya tafi yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Ribar da za ka fara gani ma ba a sikeli take ba. Ka lura da kanka bayan wata biyu: yadda kake tasowa daga sujada, yadda kake hawa bayan motar kaya, yadda kake bin sa in ya ƙwace a kara. Dattawa nawa ne a sahunmu suka koma salla a kan kujera tun ba su kai sittin ba? Wanda kuma ke tara kuɗin Makka ya tuna cewa tsakanin Safa da Marwa kaɗai, zuwa bakwai, ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Jirgi zai ɗauke ka daga Tamale, amma can ƙafarka ce za ta yi aiki.

Abu na ƙarshe, kallon bidiyo kana kishingiɗe ba ya ƙona komai, zuwa da kai ya fi aike. Ka nemi abokin yi, maƙwabcin rumfarka ko uwargida, domin wanda ake jira ba ya yawan fashi. Ku fara da kwana uku a mako, minti goma-goma, ku riƙa ƙarawa kaɗan duk bayan mako biyu.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ya aiko mana, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, ya tsare dukiyar da ke daji.