Shata A Kan Hanya: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Tsofaffin Ɗalibai

 

Da aka ce in yi magana a kan makaɗa da yawon da suke yi kafin duniya ta san su, wani abokin ajinmu ya ce ai sai in kawo labarin samarin nan na Ingila, wato Beatles, waɗanda suka bar garinsu a 1960 suka tafi Hambog ta ƙasar Jamus, suna raba dare suna kiɗa a ƙananan gidajen rawa har hannunsu ya faɗa. Na ce masa to madalla, amma me zai kai ni Jamus alhali ga Bakori nan a bayan gida?

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a ganinsa waƙa roƙo ce, gidansu kuwa ba gidan roƙo ba ne. Shata ya yi tallan goro, ya yi na alewa, amma da dare ya yi sai dandali, inda yake waƙa ba don a ba shi ko anini ba. Daga baya ya koma Bakori wajen Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa a can.

A nan nake so mu ɗan tsaya. Ƙasarmu ta kudancin Katsina ƙasar auduga ce, ga injin gurza a Funtuwa, ga jirgin ƙasa da a da yake ratsawa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Manomi ba ya riƙe kuɗi sai da kaka, in ya kai audugarsa an auna. A lokacin ne ake ɗaura aure, a lokacin ne ake kalankuwa. Saboda haka makaɗi ba ya zama gida ya jira, dole ya bi kasuwa, ya bi biki, yau a ƙafa, gobe a bayan babbar mota a kan buhuna. Kuma ba shi kaɗai ba: ga masu kalangu, ga 'yan amshi, ga sanƙira, duk bakinsu yana kan abin da aka samu a daren. In gari ya karɓe su a raba, in bai karɓe su ba a kwana a zauren wani. Wanda ya yi ta hawa motar mutane haka, ba mamaki in ya girma ya yi wa Bawa Direba waƙa.

A ganina wannan yawon shi ne makarantar Shata. Mun san ba ya zama ya tsara waƙa a gida, nan take yake ƙaga ta, kuma da wuya ya maimaita ta yadda ya yi jiya. Wannan ba a koyonsa sai a gaban taron da ba su san ka ba, waɗanda in ba ka motsa su ba za su tashi su bar ka da fitila. Shi ya sa da aka yi Bikin 'Yan Sarki a Kano a 1952 ya fito ya yi zarra, mutanen birni suka ga sabon mawaƙi, alhali ya daɗe yana gogewa a ƙauyuka. Wajen 1960 ya koma Funtuwa da zama. Sauran labarin kun san shi: digirin girmamawa daga Jami'ar Ahmadu Bello a 1988, rasuwa a Kano a watan Yunin 1999, kabari a Daura. Ni lokacin ko firamare ban gama ba, a kaset ɗin mahaifina na san shi.

To, ga abin da ya dame ni. Hanyoyin da makaɗa suka riƙa bi da tsakar dare, Funtuwa zuwa Sheme zuwa Ƙanƙara, ko Ɗandume zuwa Sabuwa, a shekarun nan mun ga lokacin da ko da rana sai da addu'a ake bin su. Babu wanda ya manta daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Ƙauyuka sun tashi, dandali ya mutu, tsofaffin da suka ga wasan da idonsu sun warwatsu a gidajen 'ya'yansu a birni, kuma kullum raguwa suke yi. Kakana ya sha ba ni labarin daren da masu kalangu suka kwana a ƙauyenmu. Na yi ta cewa gobe zan ɗauki muryarsa, har Allah ya karɓi abinsa.

Mutanen yankinmu sun riga sun share mana hanya. Littafin Shata Ikon Allah da ya fito a 2006, cikin marubutansa akwai Ibrahim Sheme daga ƙasar Faskari da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara. Amma littafi ɗaya ba zai ɗauke abin da ke bakin kowane tsoho ba.

Roƙona ga shugaba shi ne, kafin taron baɗi kowane aji ya nemo tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya, a ɗauki hirarsu da waya, a rubuta suna da gari da shekara. Mai tsohon kaset kuma ya kawo wa sakatare, ni na ɗauki nauyin juye su a kwamfuta, in mayar wa kowa da nasa. Malamanmu na Hausa, ku za ku duba mana rubutun, kamar yadda kuka saba da jan biro.