Kullum Jiya I Yau: To Me Zan Rubuta a Dayari?

 Yau maganar rubutu za mu yi, irin wanda mutum yake yi wa kansa ba don wani ya karanta ba, wato dayari, littafin da kake zuba abin da ya faru da kai a yini.

Duk lokacin da na kawo wannan magana a cikin matasa, amsa ɗaya nake samu: "Ni me zan rubuta? Kullum jiya i yau." Kuma ban ga laifin mai faɗin haka ba. Wani ya gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan yana zagayen neman aiki. Wani daga gida sai shago, daga shago sai majalisa, sai barci. 'Yar'uwa kuma ta tashi ta yi shara, ta ɗora girki, ta je Islamiyya, ta dawo, gobe ma haka. Idan aka ce wa irin waɗannan su riƙe dayari, sai su ga kamar zolaya ake yi.

To bari in yi muku tambaya. Wanda yake jami'a a 2022 ya san yajin aikin ASUU, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Zauna ka lissafa min kwana goma da kake iya tunawa dalla-dalla a cikin wata takwas ɗin nan. Yawancinmu ba za mu kai biyar ba. Alhali lokacin da ake ciki, yini ɗaya ji kake kamar ba zai ƙare ba.

Dalilin shi ne ƙwaƙwalwa sabon abu ta fi riƙewa. Abin da ya maimaitu kuwa sai ta dunƙule shi wuri ɗaya. Kwana ɗari masu kama da juna sai su koma kamar kwana ɗaya in ka waiwaya. Shi ya sa makon farko a sansanin bautar ƙasa yake nan daram a kanka, amma shekarar zaman gida ta bi iska. Ke nan wanda rayuwarsa ta zama jiya i yau shi ya fi kowa buƙatar rubutu, domin shi ne kwanakinsa suka fi saurin ɓacewa. Abin da yake ba ni tsoro shi ne mutum ya kai shekara talatin da biyar, a tambaye shi ina ƙuruciyarka ta tafi, ya rasa amsa.

Akwai wani bincike da aka buga a 2014, wanda Ting Zhang da abokan aikinta suka yi a jami'ar Harvard ta Amurka. Sun sa ɗalibai su rubuta ƙananan abubuwa na yau da kullum, kamar hirar da suka yi kwanan nan da waƙoƙin da suke saurare, sannan aka ce su yi hasashen yadda za su ji in sun sake karantawa. Bayan wata uku aka buɗe musu. Sai ga shi sun ji daɗin karantawar fiye da yadda suka zata. Ma'ana ba mu iya yi wa yau ɗinmu kuɗi ba, kullum araha muke yi mata.

Yauwa. Yanzu ga abubuwan da za ka iya rubutawa, ko da kana ganin ba abin da ya faru.

Na farko, kuma mafi sauƙi, farashi. Zaɓi abu biyu ko uku da kake saye a kai a kai: kwanon shinkafa, kuɗin adaidaita daga unguwarku zuwa kasuwa, datar wata. Duk Juma'a ka rubuta nawa ka biya. Kun tuna kafin 29 ga Mayu 2023 farashin hukuma na litar fetur bai kai naira 200 ba, aka sanar da cire tallafi, cikin 'yan kwanaki ya haura 500. Wannan kowa ya sani, yana cikin jarida. Amma nawa kuɗin motar zuwa makarantar ƙanwarka ya koma a makon? Yaushe aka daina sayen madarar gwangwani a gidanku aka koma ta leda? Yaushe abinci ya koma sau biyu? Jarida ba ta da wannan. In ba kai ka rubuta ba, ba wanda zai rubuta.

Haka wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin canjin naira. Layin da aka yi a bakin banki, da abin da mai POS yake cira kafin ya ba ka dubu biyar. Yanzu ma an fara mantawa da lissafin, kowa yana faɗin nasa. Wanda ya rubuta a ranar shi ne mai gaskiya.

Na biyu, magana ɗaya da kunnenka ya ji yau. Mu fa Allah ya hore mana baki. Ka shiga adaidaita direba ya yi wata magana da ta sa ka dariya har ka sauka, mai shayi ya yi sharhin siyasa da ya fi na rediyo, Hajiya ta jefa wa ƙaninka habaicin da ya kashe masa jiki. Rubuta ta yadda aka faɗe ta, da wanda ya faɗa, da inda aka faɗa. Kada ka gyara ta ka mayar da ita Hausar littafi. Bayan shekara ɗaya za ka ga kana da muryoyin unguwarku a hannu. Kuma wata rana, cikin masu maganar nan, wani ba ya duniya. A ranar za ka san darajar layi biyun da ka rubuta.

Na uku, ka tambayi kanka da dare: mene ne ya bambanta yau da jiya? Dole akwai. Hazo ya sauka. An fara ganin mangwaro a kasuwa. Mai kayan miya na bakin layi bai fito ba, kwana uku ke nan. An sa wa gidan maƙwabta sabon fenti, da alama biki ya matso. Amfanin wannan tambaya ya wuce takarda. In ka san za ka amsa ta da dare, sai ka riƙa buɗe ido tun da rana. Hanyar da ka yi shekara biyar kana bi kai a sunkuye kan waya, sai ka fara ganin abin da yake cikinta.

Na huɗu, in naka labarin ya ƙare, ari na tsofaffi. Akwai wata tsohuwa Bahaushiya da ake kira Baba, mutuniyar Karo. Ba sarauniya ba ce, ba ta yi boko ba. Tsakanin 1949 da 1950, a ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta: aure-aurenta, ƙawance, zaman kishiyoyi, harin masu kamen bayi, zuwan Turawa. Aka buga littafin a 1954, Baba of Karo, kuma har yau masu nazarin rayuwar matan Hausa suna komawa gare shi. Abin da Baba ta faɗa, a wurinta zaman yau da gobe ne kawai. Abin tambaya, kakanni nawa muke da su a gida masu irin wannan labari, muna jira sai wani ya taso daga wata ƙasa ya rubuta? Sau ɗaya a mako ka zauna da Kaka ko Baffa ka yi tambaya guda: nawa ne sadakinki? Me ake ci a shekarar fari? Da me ake zuwa Kano kafin a yi kwalta? Ka rubuta amsar da kwanan wata.

Na biyar, wannan na masu son gyaran unguwa ne, kuma nan ne abin ya fi shafata. Riƙe lissafin wuta da ruwa. Ƙarfe nawa aka kawo, ƙarfe nawa aka ɗauke. Ranar da famfo ya zo. Ranar da kwata ta cika ta shiga gidaje. A Afrilun 2024 aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗin wuta zuwa naira 225 kan kowane yunit, bisa sharaɗin za su riƙa samun aƙalla awa 20 a rana. To in ka je ofis ka ce "ba ma samun wuta", za a ce an ji, a sallame ka. In kuwa ka ajiye takarda mai kwana talatin, kowace rana da awanninta, kuma mutum biyar a layinku sun riƙe irinta, zancen ya canza. Mu matasa mun iya fushi, amma da yawa ba mu iya ajiye hujja ba, kuma hujja ita ake tsoro.

Rubutun yau da kullum yana zama shaida ko da mai shi bai nufa ba. Hamman Yaji, hakimin Madagali da ke jihar Adamawa ta yanzu, ya riƙe dayari da Larabci daga 1912 zuwa 1927. Gajerun bayanai ne: inda ya je, abin da ya samu, da hare-haren da ya tura kan mutanen duwatsu da adadin bayin da aka kamo. A wurinsa lissafin aiki ne. Da aka buga fassararsa a 1995, ya zama ɗaya daga cikin manyan hujjoji kan abin da aka yi wa mutanen yankin. Masu iko sun daɗe da sanin amfanin rubuta kwanakinsu. Waɗanda aka kai wa harin kuwa ba mu da dayarin ko ɗaya daga cikinsu a hannu irin nasa.

Na shida, ranar da zuciya ta yi nauyi. An sake turo maka saƙon "ba ka yi nasara ba", ko an yi maka gori a gida. A 1986 wani masanin halayyar ɗan'adam, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su yi rubutu na minti 15 a rana, kwana huɗu a jere, kan abin da ya taɓa ƙona musu rai. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji, an ga sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya. Amma a kula, dayari ba likita ba ne. In damuwa ta hana ka barci da cin abinci, ko ka fara tunanin cutar da kanka, nemi likita, ka kuma gaya wa wanda ka yarda da shi.

Na san abin da wasu suke cewa a ransu, musamman 'yan'uwa mata: "A gidanmu? Ƙanwata ta gani, gobe duk dangi sun ji." Gaskiya ne, a gidan yawa sirri yana da wuya. Samuel Pepys, wani ma'aikacin gwamnati a Landan, ya riƙe dayari daga 1660 zuwa 1669 da wani gajeren rubutu wanda ba kowa yake iya karantawa ba. A ciki ya ba da labarin gobarar Landan ta 1666, har da yadda ya haƙa rami a lambu ya binne cukunsa don kada ya ƙone. Ke ma kina da dabara. Sa harafin farko maimakon cikakken suna. In kin iya ajami, yi da shi, yaran yanzu da yawa sai su wuce. In a waya ne, sa mabuɗin sirri, kuma ki ajiye kwafi a imel, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma ƙwace ta. Sannan amanar da wani ya ba ki, kada ta shiga takarda. Sirrinsa nasa ne.

Kuma don Allah a bambance dayari da abin da muke ɗorawa a Facebook ko WhatsApp. Can kana rubutu ne ido yana kanka, dole ka yi kwalliya. A dayari kana iya cewa yau na ji hassada, yau na ji tsoro, yau ban yi komai ba, kuma ba wanda zai yi maka wa'azi.

Yadda za a fara kuwa, kada a tsananta. Littafin makaranta mai shafi 60 da biro sun isa. Sa kwanan wata da sunan gari a sama, ka rubuta layi uku. Haɗa shi da abin da kake yi kullum, misali bayan sallar isha'i ko lokacin da ka sa waya a caji. In ka tsallake mako biyu, ci gaba daga ranar da kake, ba bashi ba ne. Da babu gara ba daɗi. Mai son abin ya yi armashi, ya samu babban littafi ya ware wa kowace rana ta shekara shafinta, ya rubuta layi biyu bana, baɗi ya dawo shafin ya rubuta a ƙasa. In shekara ta zagayo kana ganin inda kake a bara war haka. Wanda rubutu yake ba shi wuya ya ɗauki muryarsa minti ɗaya a waya.

Ƙarshen kowane wata kuma ka koma ka karanta, ai waiwaye adon tafiya ne. A nan ne za ka ga abin da ba ka lura da shi ba: cewa duk ranar da ka kwana kan waya washegari da faɗa kake tashi, ko cewa sau shida ka rubuta "zan je koyon ɗinki" ba ka je ba. Takarda ba ta jin kunyarka, za ta nuna maka.

Aikin da zan bar mana shi ne na kwana bakwai. Daga daren yau, farashi ɗaya, magana ɗaya da ka ji, da abu ɗaya da ya bambanta yau da jiya. A rana ta takwas ka karanta daga farko, sannan ka yanke wa kanka hukunci ko da gaske ba abin da yake faruwa a rayuwarka.

Nan za mu dakata.  Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.