Jawabi A Kan Kwamfuta Mai Ɗaukewa Sa'ad Da A Ke Matse Bidiyo

Wannan jawabi domin hakimai ne da malamansu, musamman waɗanda aka ɗora wa ajiyar bidiyon taron gunduma ko na sulhun iyakar gona. Irin wannan bidiyo ya kan fito da nauyi, sai an matse shi da manhaja kamar HandBrake kafin ya aiku. Sau da yawa malami ya kan sa matsewa, ya buɗe wani bidiyo yana kallo don rage jira, sai kwamfuta ta ɗauke, aikin sa'a biyu ya tafi a banza.

Matse bidiyo yana cikin ayyuka mafiya nauyi, gama ƙwaƙwalwar kwamfuta, watau furosesa, ta kan yi aiki iyakar ƙarfinta tun daga farko har ƙarshe. Kallo kuma ya ƙara mata kaya. Amma fa kwamfuta lafiyayya ba ta faɗuwa don wannan, sai dai ta yi nawa. In ta faɗi, da ma akwai cuta a kwance, nauyin ne ya tono ta.

To, kafin a nemi mai gyara, wajibi ne malami ya lura da irin faɗuwar, domin kowace da inda ta ke nunawa.

In fanka ta yi ta gurnani, sa'an nan kwamfuta ta mutu ɗif ba wani rubutu, galibi zafi ne. Yawancin furosesa su kan rage gudu in zafinsu ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, in ya ci gaba su kashe kansu don kada su ƙone. Manhaja irin HWMonitor ta kan nuna wannan zafi. Ƙurar hunturu kuwa ita ce babbar mai toshe hanyar iska, lalle ne a hure ta. Kada a ɗora kwamfutar cinya bisa darduma ko katifa. In ta kwana biyu, a sa mai gyara ya sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, don ya kan bushe. In kuwa zafi bai kai haka ba amma ta mutu, sai a tuhumi akwatin wutarta, ko janareta mai hawa da sauka.

In allo ya yi baƙi ya dawo, ko ya koma shuɗi, a duba manhajar da ke tafiyar da katin hoto, wadda a ke kira direba. Windows ta kan jira shi daƙiƙa 2, in bai amsa ba ta tashe shi da ƙarfi, in ya ƙi tashi shuɗin allo ya bayyana. A sabunta direban, a kuma hana manhajar kallo, kamar VLC, jingina da katin, don kada ayyuka biyu su yi ta ja-in-ja a kansa.

Rubutun shuɗin allo in yana sākewa kullum, a gwada ma'ajiyar wucin gadi, watau RAM, da MemTest86, a bar shi ya kwana yana aiki. Malami ya kwafe rubutun a littafinsa harafi da harafi. Bidiyon asali kuwa kada a share shi sai an kalli matsattsen har ƙarshe.