Amsoshin Wasiƙunku: In Jinginar Da Gona Don Ɗana Ya Ƙaro Karatun Lauya?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani dattijo manomi a ƙasar Ɗambatta. Ya ce ɗansa ya yi shekara 5 yana karatun shari'a a Jami'ar Bayero, ya yi shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda, ya yi bautar ƙasa, ga shi kuma yanzu ya ce zai koma digiri na biyu. Shi ne yake tambaya: wai shin karatun nan ba ya ƙarewa ne? Kuma ya jinginar da gonarsa ta bayan gida ya biya masa?

To, Baba, mun gode. Da farko dai, ɗanka ya riga ya zama cikakken lauya, ko gobe yana iya tsayawa gaban alƙali. Abin da yake nema yanzu karatun bincike ne. A digiri na biyu zai ɗauki matsala guda ɗaya ta shari'a, ya bi diddiginta a ƙarƙashin wani malami, ya rubuta kundi, sannan ya kare shi a gaban malamai. Galibi yakan ci kusan shekara 2. Digirin dakta kuwa, aƙalla shekara 3 ne. Ana yin duka biyun a Bayero da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Kada ka ɗauka abin bai shafe ka ba. Dubi maganar gona. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙe gonakin karkara. Har ma ta hana a sayar ko a yanka gonakin da ake nomawa tun kafin zuwanta. Amma kai shaida ne, daga Ɗambatta zuwa Bichi, kullum ana cinikin gona a gaban dagaci da shaidu, ana jingina, ana aro. In mai gona ya rasu kuma, alƙali ya raba gado bisa mazhabar Malikiyya, gona guda ta koma ƙanana-ƙanana. Ran da gwamnati za ta karɓi fili don fitar da hanya, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Dokar takarda daban, abin da ake yi a ƙauye daban. Wa zai zauna ya rubuta wannan, har masu yin doka su gani su gyara? Ai sai ɗan da ya tashi da fartanya a hannu, irin naka.

Amma fa batun jingina, gaskiya ba mu ba ka shawara ba. A ƙasarku, inda gida ke kallon gida kuma babu sauran daji, gonar da ta sha taki shekara da shekaru in ta fita hannu, da wuya ta dawo. Kuma wannan digiri ba ya kawo kuɗi nan take. Amfaninsa ya fi yawa ga mai son koyarwa. Bari yaron ya fara kama aiki, ko a ofishin wani babban lauya, ko koyarwa a makaranta irin Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano, ya riƙa biya daga albashinsa. Malaman manyan makarantun gwamnati ma suna iya neman tallafin ƙaro ilimi daga asusun TETFund. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Ka zaunar da shi ka tambaye shi: wace matsala ce za ka bincika? In ya amsa maka da Hausar da ka gane, to ka sa masa albarka. Allah ya ba da damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.